Kira ga Hukuma: A Fayyace Matsayin Lambobinmu a Takardun da Muke Sa wa Hannu

Zuwa ga Kwamishinan Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Ƙasa, NDPC, da Gwamnan Babban Bankin Najeriya, da shugabannin hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa, da NCC mai kula da kamfanonin sadarwa, da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Ranku ya daɗe, na haɗa ku a takarda guda ne domin kukan da na kawo ya ratsa ofisoshinku duka biyar. In na kai shi ga ɗaya shi kaɗai, ina tsoron a ce mini wannan aikin maƙwabci ne, in yi ta zagaye har takalmi ya ƙare.

Kukan kuwa na lambobi ne. Duk baligin da ke hulɗa da banki a ƙasar nan yau yana ɗauke da aƙalla huɗu: lambar waya, da lambar asusu mai alƙaluma 10, da BVN, lambar tantance mai asusu, mai alƙaluma 11 wadda Babban Banki ya ƙaddamar a Fabrairun 2014, da NIN, wato lambar ɗan ƙasa, ita ma mai alƙaluma 11. Wannan ban da lambar katin cirar kuɗi, da lambar sirri, da lambar nan ta ɗan lokaci da ake turowa ta saƙo. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, a Disambar 2023 kuma Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ne sai an ɗaure shi da BVN ko NIN. Mun bi umarni. Tsofaffi da masu goyo sun wuni a rana a ƙofar ofisoshin rajista, har masu NIN suka haura miliyan 100 tun 2023, masu BVN suka haura miliyan 60. Ban zo neman a kwance wannan ɗauri ba. Na san amfaninsa: ya rage masu buɗe asusu da sunaye barkatai, ya taimaka wajen tona ma'aikatan bogi a takardar albashi.

Abin da ya kawo ni shi ne hanyar da lambobin suke fita daga hannunmu. Ta yarjejeniya suke fita: fom ɗin buɗe asusu, takardar rance, rajistar layi, da dogon rubutun nan da ke fitowa a fuskar waya, wanda ake danna masa “na yarda” ba a karanta ba. A cikin waɗannan takardu ake faɗin abin da lamba take nufi, da wanda zai riƙe ta, da wanda zai ɗauki asara in ta faɗa hannun ɓarawo. Duk wanda ya zauna ya karanta su a tsanake zai ga abu guda yana ta maimaituwa. In ana maganar abin da kamfani zai karɓa, ma'anar “bayananka” faɗi take yi har ta haɗiye komai. In aka zo kan wanda zai ɗauki alhaki, sai ta tsuke, ta koma kan mai lambar shi kaɗai.

Ga yadda akan rubuta. Za a ce bayananka sun haɗa da sunanka, da lambobinka, da hotonka, da wurin da kake, da irin wayarka, sannan a rufe da cewa da duk wani bayani da kamfanin ya ga yana bukata. Za a ce ana iya ba da su ga abokan hulɗa, da wakilai, da kamfanonin da ke da alaƙa da shi, ba a ambaci sunan ko ɗaya ba. Za a ce kamfani na da ikon sauya sharuɗɗa duk lokacin da ya ga dama, kuma in ka ci gaba da amfani da asusun, to ka yarda ke nan. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, sai ka tarar da jimlar da ke yanke hukunci: duk umarnin da ya zo ta layinka ko da lambar sirrinka, za a ɗauka kai ka ba da shi. Mutum ya zo neman a buɗe masa ɗaki ɗaya, an karɓe damin makullan gidansa gaba ɗaya, aka kuma rubuta cewa in an yi sata a gidan laifinsa ne.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba, kuma a nan dole in yaba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanai da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023 ta fayyace cewa bayanan mutum su ne duk abin da za a iya gane shi da shi, kai tsaye ko a kaikaice, ta ambaci suna, da lambar shaida, da wurin da mutum yake, da alamar da ke bin sa a intanet. Ta ware zanen yatsu da makamantansa, da addini, da ƙabila, da lafiyar mutum, ta ce waɗannan sai an ƙara taka tsantsan. Ta ce a karɓi iya abin da ake bukata don manufar da aka bayyana, kada a riƙe shi fiye da lokacin bukata. Mu a al'ada mukan ce shiru ma amsa ce, amma dokar ta ce a wannan fage shiru ba yarda ba ne. Ta ba mutum ikon janye yardarsa, ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da jama'a, ta sa wa manyan masu riƙe bayanai tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. An kuma fara gani a ƙasa, kamar tarar naira miliyan 555.8 da NDPC ta sanar a kan bankin Fidelity a Agustan 2024, wadda bankin ya ce bai yarda da ita ba.

To amma mai sayar da hatsi a Dawanau ba dokar yake sa wa hannu ba. Fom yake sa wa hannu, ma'aikaci na nuna masa da bakin biro: nan, da nan, da nan. Tsakanin abin da doka ta faɗa da abin da fom ya ƙunsa akwai tazara, kuma a cikin tazarar ake cutar mu.

Saboda haka, ranka ya daɗe Kwamishina, ina roƙon a wajabta wa duk mai karɓar lambobin jama'a ya sa shafi guda a gaban yarjejeniyarsa, inda zai kira kowace lamba da sunanta. NIN daban, BVN daban, lambar waya daban, hoton fuska da zanen yatsu daban. A gaban kowace ya faɗi dalilin karɓarta, da abin da take buɗe masa, da sunayen waɗanda zai ba wa, da ranar da zai goge ta bayan an rabu. In doka ce ta tilasta masa karɓa, ya faɗa. In don tallarsa ce, ya faɗa, ya kuma bar wa mutum damar cewa a'a ba tare da an hana shi asusu ba. Babban Banki ya riga ya san amfanin irin wannan shafi, tunda ƙa'idojinsa na kare abokan hulɗa na 2019 sun tanadi taƙaitacciyar takardar muhimman bayanai ga mai karɓar rance. Abin da aka yi wa kuɗin ruwa da wa'adin biya, a yi wa lambobi.

Bari in daɗe kaɗan a kan BVN, domin ita ce aka fi jahilta, kuma ita ce ta fi tsawon hannu. An sha gaya wa jama'a cewa sanin BVN ɗinka kawai ba ya ba wani damar cire maka kuɗi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Wanda ya samu bayanan da ke rataye da ita ya samu cikakken sunanka, da ranar haihuwarka, da lambar wayarka. Da su yake kiranka da murya mai ladabi, ya ce daga banki ne, an toshe maka BVN, ya karanto maka ranar haihuwarka daidai har hankalinka ya kwanta, sannan ya ce: “Alhaji, wata lamba za ta shigo yanzu, karanto mini ita.” Daga nan sai alat. In ka je banki za a ce kai ka ba da lambar, a nuna maka jimlar nan ta can ƙasa. Ba wanda zai tambayi inda ɗan damfarar ya samo sunanka da ranar haihuwarka tun farko, alhali daga wannan ƙofar ɓarnar ta shigo.

Akwai kuma tsarin GSI da ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2020. Mai karɓar rance yana sa hannu a kan izinin cewa in ya kasa biya, bankin da ke bin sa zai iya bin BVN ɗinsa ya cire kuɗi daga asusunsa da ke wasu bankuna, har da asusun waya. Ba na jayayya da hikimar tsarin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci dole ya biya. Masu cin bashi a nan su gudu su buɗe asusu a can sun daɗe suna ja wa masu gaskiya tsada. Sai dai ku dubi yadda mutanenmu suke ajiya. Uwar adashi tana tara zubin mata ashirin a asusunta na kanta. Ma'ajin masallacin unguwa yana ajiye kuɗin gyaran rufi da sunansa, domin buɗe asusun ƙungiya na bukatar takardun da ba su da su. Dillalin shanu yana kwana da kuɗin Fulani a asusunsa kafin ranar kasuwa. A idon na'ura duk wannan kuɗin mai BVN ne. Ranar da aka ja izinin, zubin mata ashirin ya tafi biyan bashin mace ɗaya, ita kuma ba ta taɓa sanin ta ba da wannan izini ba, domin yana shafi na bakwai cikin Turancin lauyoyi.

Ranka ya daɗe Gwamna, roƙona a nan shi ne izinin GSI ya fita daga cikin tarin sharuɗɗa ya tsaya da ƙafarsa: takarda daban, sa hannu daban, a kuma faɗa wa mutum baki da baki cewa wannan izini ya shafi duk asusun da ke ɗauke da lambarsa a ko'ina. A sauƙaƙa wa ƙananan ƙungiyoyi, na adashi da na masallaci da na 'yan kasuwa, buɗe asusu da sunan ƙungiya, don kuɗin amana ya daina kwana ƙarƙashin lambar mutum ɗaya.

Sai lambar waya, wadda a ganina ita ce raunin ginin gaba ɗaya. Mun mai da ita shaidar mutum alhali ba mallakarsa ba ce. NIN da BVN na mutum ne har ya mutu. Layi kuwa aro ne: in ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, ƙa'ida ta ba kamfani damar rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Amma a kan wannan aron muka ɗora komai. Ta layi ake turo lambar tabbatarwa, ta layi ake tura kuɗi da ƙaramar waya, ta layi ake duba BVN da NIN. A kamfanoni irin su OPay da PalmPay ma, lambar asusun ita ce lambar wayar, an cire sifilin farko kawai. Takardar banki tana ɗaukar mai riƙe da layi a matsayin mai asusu. Takardar kamfanin waya tana cewa layin nasa ne, zai iya karɓewa. Kowace takarda ita kaɗai tana da hujja. In aka haɗa su biyu, sai ka ga baƙo a wani gari ya sayi sabon sim yana samun alat ɗin wani bawan Allah da bai taɓa gani ba.

Wa abin ya fi faɗa wa? Ɗan ci-rani da ya tafi ya bar sim a aljihun tsohuwar riga. Wanda ya yi doguwar jinya. Wanda rikici ya kora daga ƙauyensa, ko wanda aka katse wa sadarwa a yankinsa, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021. Sai kuma mamaci, wanda takardun nan kusan ba sa tunawa da shi. Maigida ya rasu, wayarsa na cikin akwati, matarsa na takaba wata huɗu da kwana goma, 'ya'ya ba su san asusu nawa yake da su ba, rabon gado kuma bai zo da wuri ba. Kafin a kai ga alƙali a nemi takardar gado, layin ya yi nisa a hanyar zuwa hannun wani. Haƙƙin marayu ne a rataye da sim ɗin da ba wanda ya sa masa kati.

Ina roƙon NCC da Babban Banki su zauna a teburi ɗaya kan wannan. Kada a sake sayar da layi sai an sanar da bankuna an kwance shi daga duk asusun da ke ɗaure da shi, kuma tunda kowane layi na da NIN a bayansa, a nemi mai shi ta sauran layukansa kafin a karɓe. A rubuta a yarjejeniyar banki, a fili, cewa in layi ya koma hannun wani ta hanyar kamfani, asarar da ta biyo baya ba ta mai asusu ba ce. A kuma buɗe wa magada hanya mai sauƙi ta riƙe layin mamaci har a gama rabon gado.

Maganar manhajojin rance ba zan ja ta ba, domin FCCPC ta san ta fiye da ni. Kowa ya ga saƙonnin da ake tura wa surukai da abokan aiki ana kiran mutum ɓarawo saboda bashin naira dubu goma. Hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko tarar naira miliyan 10 kan irin wannan a Agustan 2021, FCCPC ta kai samame a Legas a Maris ɗin 2022 ta kuma fito da tsarin rajista, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan cikin waya daga ƙarshen Mayun 2023. Abin da ya rage shi ne asalin kuskuren, wato a ce wai mai karɓar rance ya “yarda” a ɗebi lambobin da ke wayarsa. Lambar ƙanwata da ke wayata ba tawa ba ce, ba ni da ikon ba da ita. Haka wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai tsaya wa wani ba a tambaye shi ba. A ayyana duk wani sharaɗi irin wannan a matsayin ɓatacce tun daga tushe, ko an danna masa “na yarda” sau goma.

Na koma kan waɗancan “abokan hulɗa” marasa suna. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. In haka ne, to ta wata ƙofar da aka buɗe da izini bayanan suka zube, daga hannu zuwa hannu, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake nacin a ambaci sunan kowane hannu. Ba sai an je intanet ba ma. Ku leƙa shagon fotokwafi da ke kusa da kowace sakatariya ko makaranta. Za ku ga kwafin takardun NIN da suka fito da duhu an watsar a kwali ƙarƙashin tebur, hoto da lamba da adireshi duk a bayyane, gobe mai gyaɗa ta ƙulla gyaɗarta a ciki. Makaranta na neman kwafi, mai gidan haya na nema, mai ba da babur haya na nema, masu rabon tallafi na nema, ba kuma wanda ya taɓa rubuta wa mutum abin da zai yi da takardar bayan ya gama.

Abin mamaki, NIMC ta riga ta samar da magani. Tun 2022 ta fito da lambar wucin gadi mai haruffa da alƙaluma 16, wadda mutum zai ciro don kamfani guda, ta mutu bayan awa 72, ba tare da ya ba da ainihin NIN ɗinsa ba. Dabara ce mai kyau. Amma je ka tambayi mutum goma a tashar mota, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin labarinta. Ranku ya daɗe, maganin da ke kulle a kabad ba ya warkar da kowa. A hana ajiye kwafin takardar NIN inda tabbatarwa kawai ake bukata, a kuma sa a yarjejeniya cewa kamfani ya tabbatar ne, bai adana ba.

Wata matsalar ta fi damun mu a Arewa. Kusan kowane fom yana ƙarewa da cewa mai sa hannu ya tabbatar duk bayanan da ke ciki gaskiya ne, in an samu kuskure shi ke da alhaki. Amma wa ya rubuta? Yaro ne a ƙarƙashin lema da kwamfuta a cinya, ana biyansa bisa yawan mutanen da ya yi wa rajista. Shi ya rubuta Mohammed a nan, wani ya rubuta Muhammad a can, takardar makaranta kuma ta ce Muhammadu. Wani sunan mahaifinsa aka sa a gurbin sunan iyali, a wata takardar kuma sunan garinsu, Gusau ko Funtuwa ko Haɗeja. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba aka ba shi 1 ga Janairu, a wani wurin aka ƙaga masa wata. Yau na'ura ta ce BVN da NIN ba su dace ba, a rufe asusu. Sai rantsuwa a kotu, sai sanarwa a jarida, sai kuɗin gyara, wanda na ranar haihuwa ya daɗe a naira 15,000 kafin ya haura 28,000 a 2025. Talaka na biyan tarar kuskuren da wakilin hukuma ko na banki ya yi. Ina roƙon a amince da sanannun hanyoyin rubuta suna ɗaya a matsayin abu ɗaya matuƙar zanen yatsu ya dace, tunda don haka aka ɗauki yatsun. Inda kuma kuskuren na mai shigarwa ne, gyara ya zama kyauta.

Za a ce, kuma da gaskiya, mu ma muna da namu laifin. Ku tsaya minti goma a gaban mai POS a kasuwa, za ku ga dattijuwa ta miƙa kati ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, “ɗana, sa mini, idona ba ya gani,” mutum biyar na tsaye a bayanta. Akwai matasan da ke sayar da NIN da BVN ɗinsu a kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, a buɗe asusu da sunansu a yi damfara, ranar kamu su za a zo nema. EFCC ta yi gargaɗi a kan wannan a 2025. Wanda ya sayar da lambarsa da saninsa ba ni da abin cewa a kansa. Amma dattijuwar nan ba sakaci ta yi ba. An ba ta kayan aikin da ba a ƙera don irinta ba, aka kuma rubuta takardar da ta ɗora mata alhakin kasa amfani da shi. Tun da banki ya san ta hannun wakili take cire kuɗi, kuma shi ya naɗa wakilin yana cin riba da shi, ya kamata yarjejeniya ta faɗi alhakin wakilin da na bankin da ya tsaya masa.

Duk abin da na roƙa a sama ba zai yi amfani ba in ya tsaya a Turanci. Dokar FCCPC ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Tun zamanin Turawa ma akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce mai rubuta masa takarda ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa an kuma bayyana masa kafin ya dangwala. A wajenmu Musulmi kuma abin ya girmi haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma wanda ake bi bashin ne ta ba wa shibtar abin da za a rubuta. Malaman fiƙihu sun daɗe da ɓata cinikin da aka jahilci abin da ke cikinsa. Yau an juya lamarin: mai ba da bashi ne ke rubutawa shi kaɗai, cikin harshen da mai karɓa ba ya ji, a fuskar wayar da ba ta kai tafin hannu ba.

Kamfanonin nan sun iya Hausa sarai in talla za su yi. Muna jin su a rediyo safe da yamma, da karin magana da kiɗan kalangu, suna kiran mu mu zo mu buɗe asusu. Wanda ya iya kiran mutum da harshensa ya iya gaya masa sharaɗi da harshensa. A wajabta shafin nan guda da na roƙa ya fito da Hausa, da Yarbanci, da Ibo, da Fulatanci, da Kanuri, da sauran harsunan da kamfani ke talla da su. A sa shi da murya kuma, minti biyu, ta yadda mai ƙaramar waya zai danna lamba ya saurara, domin da yawa daga iyayenmu da kunne suke karatu, wasu kuma da ajami. Fassarar kada a bar wa kowane kamfani ya yi tasa yadda ta yi masa daɗi. Hukuma ta fitar da daidaitacciyar ma'anar kowace lamba, da taimakon sassan nazarin harsuna na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, kowa ya ɗauka daga nan, kuma in an je gaban alƙali fassarar ta zama hujja daidai da Turancin.

Saura inda za a kai kuka. A yanzu wanda aka cuta sai ya fara kai ƙara bankinsa, ya jira mako biyu, sannan ya rubuta wa sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki, galibi ta imel, da Turanci. In matsalar ta layi ce a ce ya tafi NCC, in ta suna ce NIMC, in ta bayanai ce NDPC a Abuja. Matsalar mutum ɗaya ce, lambobinsa ne aka ɗaure wuri guda da umarninku, don haka ina roƙon ƙofar kuka ma ta zama guda: lambar kira ɗaya kyauta, mai amsawa da harsunanmu, da tebur ɗaya a rassan Babban Banki da ke jihohi, inda za a karɓi ƙara a ba mutum lambar bibiya da ranar da zai ji amsa, ku kuma ku raba aikin a tsakaninku.



Naku cikin girmamawa,
wani ɗan ƙasa mai asusu da layi.